Alƙali da Tsintsiya

A filin ajiye motoci na bayan kasuwa, nan Kwatano, wani dattijo yana share kwalta da tsintsiyar kwakwa. Ga usur a wuyansa, ga tsofaffin tabbai a gwiwar hannu, irin na wanda ya sha faɗuwa da takalmin taya. A ƙirjin rigarsa an ɗinka tambarin hukumar wasan tseren takalmin taya a kan wani tsohon tambari, gefen tsohon yana leƙowa. Ina jin tun kafuwarta yake ciki, har ta dare gida biyu a gabansa. Yau ma shugabannin ɓangarorin biyu suna rumfa suna musun wanda zai buɗe tsere, 'yan matan da za su yi tseren suna gasuwa a rana.

Wani ɗan acaɓa ya tsaya yi masa tsiya, yana kiransa kawu da Faransanci: "Tonton Akpobi, alƙalin wasa guda da tsintsiya? Yau wane ɓangare kake wa aiki?"

Dattijon ya dafe ƙugu, ya numfasa.

"Ɗana, matsar da babur ɗinka. Yashi bai san ɓangare ba. Duk wadda tayarta ta hau shi a kwanar nan, fatarta za ta bari a kwalta."

Ya sake sunkuyawa.