Masu Zaman Cika Mota

Shekara shida na yi ina tafiya Yamai kullum da safe, ban taɓa wuce ƙofar tashar Filinge ba.

Yayana yana da tsohuwar mota mai ɗaukar mutum goma sha takwas, ita ke ci da gidanmu. Bakurfe kuwa, wato mutumin yankinmu na Filinge, ba ya shiga motar da ba kowa, don ya san sai ta cika za ta tashi. Shi ya sa Yaya yake zaunar da mu, ni da wasu tsofaffi uku, mu yi kamar matafiya. Nakan ɗaura kallabin fita, in rungume ƙunshin tsummoki, in haɗe rai. Fasinjan gaske ya zo, ɗayanmu ya sauka wai zai kama ruwa.

Ina son wannan zaman, ba na ɓoyewa. Nakan jingina kai da gilashi in lumshe ido, sai hanya ta buɗe: gonakin gero, shanun Baleyara, can gaba kogin da ake cewa ba a hango ƙarshensa. Har sanyinsa nake ji kafin Yaya ya ƙwanƙwasa ƙarfe.

"Ke, hita, mun cika."

Sai wani kamfani ya kafa rumfa a tashar, dab da tamu. An ce mai shi ya ga yadda jiragen sama masu arha suke yi: kujera da araha, kaya kuma kuɗinsu daban, ƙarfe takwas a tashi ko da mutum biyu. Mutane suka sa wa motocin kamfanin suna abiyo, wato jirgin sama. Mun yi musu dariya har da riƙe ciki. Yaya ya rage kuɗin mota, suka rage. Ya ce buhu kyauta, suka ƙaro mota ta biyu. A hankali mutane suka daina leƙa tagarmu, suka koma duban agogo. Mu huɗu mukan zauna har azahar, muna yaudarar junanmu.

Wata safiya abiyo ta tashi, Yaya ya daɗe yana kallon bayanta. Sai ya shiga ya tada inji. Na tattara ƙunshina zan sauka.

"Zamna, ƙanwata," ya ce. "Yau ba mai hita."

Hanyar ta fi ta mafarkina tsawo da ramuka, amma kogin yana nan. Na tsaya a bakinsa ina ta murna kamar yarinya, tsofaffin nan suna wanke fuska. Ban tambayi inda Yaya ya tafi da motar ba. Da la'asar ya dawo a ƙasa, ba motar ba makullinta, riƙe da tikitin abiyo biyar.

A abiyo muka koma gida. Yaya yana gefena a kujera mai lamba, idonsa a kan titi. Duk inda muka doshi rami, sai in ga ƙafarsa tana laluben birki.