Kamun Ƙafa Babu Goro

Baba mutumin Maraɗi ne, tebur gare shi a bakin titin Fordham da ke Bronx. In sanyi ya shigo ya baza huluna da safar hannu da mayafan wuya, in zafi ya zo ya koma tabarau da turare. Ni kuwa 'yar Wusasa ce ta Zariya, ina aikin jinya a wani asibiti a Bronx, ina zaune a Parkchester. Shi Musulmi, ni Kirista, Hausa ce ta haɗa mu, sai kuma ƙungiyarmu ta masu jin Hausa da muke taruwa ran Lahadi da yamma. Yana ce mini ɗiyata, ina ce masa Baba, kuma ba na jin akwai wanda na kai yin faɗa da shi a birnin nan.

Damuwar Baba guda ce, lasisin tebur. Hukumar birni ta ƙayyade yawan lasisin da take bayarwa, shi kuma sunansa yana layin jira tun gemunsa bai fara fari ba. Saboda haka kullum a tsorace yake kasuwa. Masu kama 'yan tebur su zo su kwashe kaya, su bar masa takardar tara, ya yi ta fama ya sake haɗa jari. Bayan kamun da aka yi masa a farkon wani hunturu, ya zo taro ya zauna kusa da ni, ya ce, “Ɗiyata, in sun sake kwashe min kaya, gida za ni. Na gaji da gudu da tsufana.” Bai ɗaga murya ba, shi ya sa na san da gaske yake. Na kuma san teburin nan shi ke ciyar da gida guda a Maraɗi.

Ana cikin haka muka ji an kai wani ƙuduri majalisar birni na a ƙara yawan lasisin, kuma kansilar unguwar Baba ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Nan take 'yan tebur suka ce a je a kama ƙafa. Shugabanmu, wani direban tasi ɗan Zangon Kumasi, ya tashi ya ce kul. Ƙungiyarmu tana da rajistar taimakon jama'a, gwamnati ta ɗauke mata haraji, sannan wata gidauniya ce ke biya mana hayar ɗakin taro a University Heights da ajin Turanci da tafinta. Ya ce muna sa baki a siyasa, duk wannan ya tafi. Ni ma haka na ɗauka, kuma ni ce sakatariya, muƙamin da na samu don kowa ya ƙi.

Raina bai kwanta ba, sai na buga wa matar da ke kula da tallafinmu a gidauniyar waya. Na zata za ta ce mu rufa wa kanmu asiri. Sai ta ce ai doka ba ta ɗinke mana baki ba. Abin da aka hana ƙungiya irin tamu sam-sam shi ne ta ce a zaɓi wane ko a ƙi wane. Amma zuwa wurin 'yar majalisa a roƙe ta ta goyi bayan ƙuduri, an yarda, muddin bai zama shi ne babban aikinmu ba, kuma mu riƙa rubuta abin da muka yi. Ita gidauniya kuwa, doka ta hana ta ware kuɗi don kamun ƙafa, kuma yarjejeniyarmu da su ta ce tallafinsu na aji ne da tafinta. Mu koya wa mutane haƙƙinsu da kuɗinsu, ba laifi. Tafiya wurin kansila kuwa, mu nemi namu guzurin.

Da na kawo wannan bayani taro, sai aka yi ta kallona kamar na yi Sinanci. Can mahaifiyata ta faɗo mini a rai. A gidanmu na Wusasa tukunya biyu gare ta ran Kirsimeti. Ɗaya tamu ce, ɗaya ta maƙwabtanmu Musulmi, wadda naman cikinta sai Musulmi ya yanka, kuma ludayin wannan ba ya shiga waccan. Na ce to haka kuɗin ƙungiya yake, tukunyar gidauniya daban, tamu daban. Baba ya gyaɗa kai ya ce da guntun Faransancinsa, “Bon, yanzu kin yi Hausa. Uwarki mutuniyar kirki ce.” Aka tsai da magana kowa zai biya wa kansa kuɗin jirgin ƙasa, ni kuma in je ranar hutuna a matsayin 'yar sa-kai, in yi tafinta. Baba ne zai yi magana, don shi ne babba, kuma shi abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya.

Na ɗauka an gama. Ana jajibirin tafiya na biya ta teburinsa daga wurin aiki, sai ya jawo wata jaka daga ƙarƙashi, yana ta murmushi. Goro ne fari sol a cikin ganye, da kilishin da aka kawo masa daga gida, da wata jakar fata ta mata mai aikin hannu, irin wadda ni ban taɓa samun ya ba ni ba. Ya ce gaisuwar kansila ce.

Na ce, “Baba, ba za ta karɓa ba. Doka ta hana ta karɓar kyauta daga mai neman abu a hannunta.”

“Mi? Toshiya kika ɗauke ta? Ni na yi miki kama da mai ba da cin hanci?”

“Ban ce ba.”

“Ladabi ne, ɗiyata. Ubana bai taɓa zuwa gaban babba hannu rabbana ba. In je ni in tsaya zololo kamar wanda ba shi da gida? To a fasa. Ku ku je.”

Ni ba ni da haƙuri, duk wanda ya san ni ya sani. Na ce masa ya zauna da goronsa har su zo su kwashe shi da teburin. Na ga fuskarsa ta canja, sai na yi nadama, domin gaskiyarsa ce. Ni ma da na je gida bara ban shiga gidan kawuna hannu rabbana ba. Na sassauta murya na ce masa jakar nan in ta shiga ofishin, matar ce za ta shiga uku. Ko ta ƙi a gaban mutane, ya ji kunya, ko ta karɓa a tuhume ta, daga nan kuma duk abin da ta yi wa 'yan tebur a ce saye aka yi. Ya daɗe yana gyara hulunan da ba su karkace ba. Sannan ya ce, “Kyautar da za ta ja wa mai gida abin faɗa ba kyauta ba ce. Amma ki sani tsirara za ki kai ni.”

Washegari da hantsi muka hau jirgi. Ya sha babbar riga a ƙarƙashin jibgegen kwat, kuma duk da maganar jiya sai da ya riƙo kilishin, wai ko Allah zai sa dokar ta canja a hanya. A zauren jira na ofishin kansila muka tarar da wasu 'yan tebur, mata masu jin Sifaniyanci da wani ɗan Bangaladash, su ma ƙudurin ne ya kawo su. Baba ya dube su, ya dube ni, ya kwance ƙunshin. Yaji ya sa su hawaye, suka yi ta dariya suna ƙara miƙo hannu. Kafin a kira mu ba sauran ko ɓarɓashi.

Kansilar yarinya ce, ba za ta girmi 'yar farinsa ba. Mataimakinta ya gaya mana lokaci kaɗan gare ta. Na riga na yi wa Baba bita a jirgi, ya faɗi shekarun jira, ya faɗi tara, ya roƙi ta sa hannu. Ina! Baba ya buɗe da gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi, yaya iyali, yaya iyaye, yaya jama'a, yaya haƙuri da mu. Ina fassarawa ina zufa, mataimakin yana duban agogo. Hannayen Baba kuwa sun rasa wurin zama, ya sa su a gwiwa, ya ɗauke, ya cusa a aljihu, ya fitar. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni.

Da ta tambaye shi me yake so ta yi masa, sai ya bar duk abin da na koya masa. Ya ce, “Gaya mata na zo wurinta ban kawo komi ba, kuma a garinmu wannan abin kunya ne. Gaya mata ni ma ina da wuri, tebur ne a bakin titi. Ta zo ta ga inda nike, in karɓe ta, in fita kunya. Abin da ta gani, shi ne roƙona.”

Na fassara yadda ya faɗa, ban gyara masa ba. Sai ta ce da mataimakinta ya nemo mata rana.

Ni dai na ce maganar 'yan siyasa ce. Amma wata Asabar sai ga ta a Fordham cikin wani sanyi mai ratsa ƙashi, ba 'yan jarida, ba rakiya sai mataimakin nan. Tun kafin ranar Baba ya ishe ni da tambaya, shayi fa, safar hannu fa, ko hula guda? Na ce a bar komai, kada mu ɓata abin da muka gyara. Da ta iso sai ya tashi daga kan 'yar kujerarsa ta roba, ya kakkaɓe ta da hannun rigarsa, ya juyo gare ni a hankali.

“Kujera fa, ɗiyata? Ita ma an hana?”

Na ce, “A'a Baba, wannan ba wanda ya hana.”

Ta zauna, shi yana tsaye a gefenta, ƙirji a buɗe. Daga kan kujerar ta ga abin da ba a gani daga ofis. Wani ya yi fito daga ƙarshen layi, kafin ka ce kwabo tebura sun naɗe, tsofaffin mata suna jan buhuna suna shigewa lungu. Ashe ba masu kamu ba ne, wata mota ce mai kama da tasu. Baba kaɗai bai motsa ba. Ta tambaye shi me ya hana shi gudu. Ya ce ba a barin baƙo a zaune a gudu.

Bayan 'yan makonni sunanta ya shiga cikin masu goyon bayan ƙudurin. Ban ce mu kaɗai muka sa ba, mutane da yawa sun yi ta zirga-zirga. Na rubuta tafiyarmu a inda ake rubutawa, tukunyar gidauniya ba wanda ya taɓa ta, ajin Turanci yana nan. Shugabanmu da ya ce kul, yanzu shi ke tambaya yaushe za a koma.

Lasisin Baba bai fito ba tukuna, amma layin ya fara motsi, kuma ya daina zancen Maraɗi. Kwanan baya na biya ta wurinsa ƙafafuna sun kumbura da tsayuwar asibiti, na ga ya sayi kujera ta biyu ya ajiye kusa da tasa. Na ce ta wa ce. Ya ce mutumin da manya ke ziyarta ba ya zama da kujera guda, kuma tunda ba inda za shi, gara ya shirya. Sannan ya kakkaɓe ta da hannun rigarsa ya ce, “Zauna ɗiyata, ke dai doka ba ta hana ki goro ba.”