Kwallin da Inna ba ta sa ba

Saura 'yan makonni Baba ya rasu likita ya ce Inna na da hawan jinin ido, ya rubuta mata maganin ɗigawa. Ya ce ganin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ake lallaɓawa. Baba ne ke ɗiga mata kullum bayan magariba, yana mita wai ta cika ƙifce-ƙifce kamar ƙaramar yarinya. Da ya rasu ta ci gaba da ɗigawa da kanta, a ɗakinta na gidanmu da ke Bosso.

Tana cikin takaba idon ya soma sauyawa. Gashin idon ya yi tsawo ya yi baƙi wuluk, fatar kewayen ta yi duhu, sai ka rantse kwalli ta zizara, alhali mai takaba ba ta ado. Ni ban lura ba, don kullum muna tare. Gwaggo, yayar Baba, ita ta lura ranar da ta zo daga Kagara. A gaban matan da suka zo gaisuwa ta ce, "Tun ba a je ko'ina ba har an koma kwalli?"

Ni kuwa na cika fam, ba don Inna ta danne min ƙafa ba da ranar na yi rashin kunya.

Ashe tun ranar ta ajiye maganin. Ban gane ba sai da aka kwana biyu, na miƙa mata kofi ta gefen hagu, ta ci gaba da magana ba ta gan shi ba. A asibiti likita ya ce baƙin nan na kewayen idon aikin maganin ne, yakan yi wa wasu haka, kuma da ta faɗa da an canza mata wani. Ya auna, ya ce gefen idon hagun ya ƙara tafiya.

Na kira Gwaggo a waya, ban rage mata komai ba. Washegari sai ga ta. Ta jiƙa bakin mayafinta ta goga fatar idon Inna, ta duba, ba ko ɗigon baƙi. Ta zauna bakin gado tana kuka tana neman gafara. Da magariba ita ta karɓi kwalbar ta ɗiga mata.

Bayan ta koma na ce, "Inna, saboda maganar mutum ɗaya za ki bari idonki ya mutu?"

Ta ce, "Ba maganarta ba ce. Tun ina amarya babanku ke sayo min kwalli, ina ƙi, ina cewa zafi yake min. Da Gwaggo ta faɗa na ɗauki madubi, sai na ga idon da ya yi ta roƙo ke nan, ya zo shi kuma ba ya nan. Shi ne na kasa ci gaba da ɗigawa."

Har yau in za mu fita, ta gefen hagunta nake tafiya.