Maganin Basir ɗin Baffa

Shekarar da soja suka miƙa mulki, bangon unguwarmu ya cika da hotunan 'yan takara, ni kuwa ba abin da ke gabana sai jarrabawar kammala karatun aikin ɗakin magani. Sunayen magunguna ba su dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne tambayoyin da ake kafa misali a cikinsu: ga mutum ya zo da takardar likita, me za ki ce masa?

Malaminmu kan zauna a kujera ya zama majinyaci don mu gwada. Ran nan ya ranƙwafa, ya yi muryar tsofaffi, ya miƙo mini maganin basir, irin wanda ta ƙasa ake sa shi. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ba sha ake ba." Ya ce, "To yaya ake yi?" A unguwar Mandawari aka haife ni, a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ta ina zan dubi dattijo in ambaci dubura? 'Yan aji suka yi ta dariya. Malam ya ce in na yi haka a jarrabawa, sai dai in jira baɗi.

Ana cikin haka Baffa, yayan mahaifina kuma mai gidanmu, ya dawo daga asibiti ya aika a kira ni. Na same shi a soro bisa buzu, da kofin ruwa a gefe, ya riga ya ɓare wata farar ƙwaya mai tsini. Maganin nan ne dai.

"Likitar gida, duba mini," in ji shi. "Kafin abinci ne ko bayan abinci?"

Na durƙusa. Na yi niyyar in ruga in gaya wa Inna, ita ta gaya wa matarsa, don ta haka irin wannan magana ke tafiya a gidanmu. Sai na ji ya yi bisimilla ya nufi baki da ƙwayar.

"Baffa, a dakata! Ba sha ake ba. A wanke hannu, a kwanta ta gefe ɗaya, a tura shi ta dubura, a ɗan jima a kwance."

Ya dubi bango, na dubi yatsun ƙafata. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Can ya ce, "Tashi ki je."

Daga nan na koma gaishe shi ta bayan labule. Safiyar jarrabawa na zo wucewa ta soro, takalma a hannu, ina sanɗa. Baffa bai ɗago daga carbinsa ba ya ce, "Ke. In sun tambaye ki, ki faɗa musu yadda kika faɗa mini. Na samu sauƙi."

Sai da na kai bakin titi na tuna ban sa takalman ba.