Ƙofar da na sa da hannuna

Yau da la'asar na gama sa ƙofar ƙarshe a sabon gidan wani Alhaji a unguwar Choggu, na miƙa masa makulli.

Wata bakwai ke nan ina kwana a cikin ginin nan. Tun da na baro garinmu Bawku ban kama ɗaki ba, don in kafinta irina ya biya haya, yara a gida ba za su ci ba. Kullum da safe nakan naɗe tabarmata in ɓoye a cikin silin kafin leburori su iso. Alhaji bai sani ba.

Ya murɗa makullin sau biyu, ya tura ƙofar da kafaɗa, ya yi dariya.

"Masta, aikinka ya yi kyau. Yanzu ko ɓera ba zai shiga ba."

Na ce, "Haka ne, Alhaji."

"A ina kake zama? Shiga mota in sauke ka."

Kunya ta kama ni. Na ce Sakasaka, don shi ne sunan da ya fara zuwa bakina.

Ga ni nan a bakin titi a Sakasaka da jakar kayan aiki. Ban san kowa a unguwar ba, hadari kuma ya haɗu. Tabarmata da bargona suna can cikin silin, a gidan da ko ɓera ba zai shiga ba.

Na sa wa mutane ƙofofi har ban san iyakarsu ba, babu tawa ko ɗaya. Ku da kuke nema a garin wasu, ina kuke kwana ranar da aiki ya ƙare?