Katangar da Yayana Yake Ratsawa

Yayana manomin rani ne a Watari, magidanci mai 'ya'ya shida da furfura a gemu. Shekarar da ya sayi babbar waya, yakan tayar da injin ban ruwa ya koma gindin mangwaro yana buga wani wasa. Wani ɗan mutum ne yake gudu cikin lungunan gari, agogo yana ƙirga lokacin da zai kai ƙofar ƙarshe. 'Yan majalisarmu duk sun kamu, amma gwanin cikinsu sai ya ci rabin awa. Yaya kuwa minti huɗu.

Ya ce baiwa ce, wai tun yana ƙarami idonsa daban yake. Sai da na leƙa ta kafaɗarsa na ga baiwar. Akwai wata kusurwa da in ka juya baya ka yi tsalle sau biyu, ɗan mutumin zai ratsa katanga ya faɗo a bakin ƙofa. Kuskuren masu haɗa wasan ne, shi ma ya gano ne ranar da yatsansa ya zame da laka.

Na ce, "Yaya, ai wannan satar hanya ce."

Ya ce, "Kai malamin makaranta ne, ba za ka gane ba. Zauna ka rubuta musu da Turanci, su san da ni a duniya."

Na ba shi shawara ya rufa wa kansa asiri, ya ƙi. Muka ɗauki bidiyon yadda yake ratsa katangar muka tura wa masu haɗa wasan, har da hotonsa cikin babbar riga, ko za su buƙata.

Bayan mako biyu amsa ta zo. Sun gode ƙwarai da ya nuna musu ɓarakar, za su gyara. Sau uku ya sa na karanta a majalisa, kullum yana tsayar da ni a kan godiyar.

Da sabon zubin wasan ya sauka a wayoyi, an toshe kusurwar, har an ajiye tukunyar fure a wurin. Yaya ya juya baya a gaban jama'a ya yi ta tsalle, ɗan mutumin yana ta gwara ƙeya da bango. Wani dattijo ya tambaye shi ko baiwar ce ta tafi hutu.

Ranar kasuwa ya hau mota zuwa Ɗambatta, mai gyaran waya ya mayar masa da tsohon zubin, ya gargaɗe shi kada ya kuskura ya kunna data, don sabon zubin zai sake sauka. Bai kunna ba. Dillalan albasa suka gaji da tura saƙo, suka koma neman sa ta wayar matarsa. Har yau shi ne na ɗaya a tsohon wasan, kuma duk ƙauyen babu mai buga shi sai shi.