Firjin Da Na Lulluɓe Da Bargo

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta tafiyar da na yi daga Makka zuwa Tabuka da robobi biyar na farfesun ƙauri a bayan mota ba. Shekaru sun ja, amma duk sa'ad da ta faɗo mini sai in ji kamar jiya na yi ta.

Ni haihuwar unguwar Rusaifa ne a Makka. Kakana ya zo aikin Hajji daga Kano bai koma ba, a nan muka tashi. Tuƙi ne sana'ata, kuma in Hajji ta zo nakan yi jigilar ruwa da ƙanƙara zuwa Mina da Arfa. Ina da taurin kai, wannan kam maiɗakina ta sha faɗa mini, Allah ya jiƙanta. 'Yarmu ɗaya ce tak, sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Mamana. Aure ya kai ta Tabuka, can arewa mai nisa.

A shekarar da Mamana ta sami cikin fari, a ita ciwo ya kwantar da uwarta. Da ma an shirya za ta zo gida ta haihu, uwar ta yi mata wanka, ta ciyar da ita kamar yadda aka yi wa kowace mai jego a gidanmu. Wata safiya maiɗakina ta aike ni in sayo ƙafafun sa. Na sayo, na tarar ta sa an kai mata kujera gaban murhu, don tsayuwa ta riga ta gagare ta.

Na ce, "Haba Hajiya, haihuwar nan da sauran wata huɗu, wannan gaggawar ta mece ce?"

Ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Kai dai miƙo mini daddawar nan."

Ta wuni a kan tukunyar. Da ta huce ta raba ta robobi biyar, ta rubuta "na mai jego" a kan kowane murfi da hannunta mai rawa, ta ce in sa a firiza kada in taɓa. Mako uku bayan haka muka kai ta makwancinta. Sai a lokacin na gane gaggawar ta mece ce.

Mamana ta zo zaman makoki ta koma, daga nan likita ya hana ta doguwar tafiya. Jama'a suka watse, aka bar ni da gida. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai a gidan da ya saba da hayaniya ba, ba zai san abin da nake nufi ba. In haɗa shayi, in ga na ajiye kofi biyu. Babu sallama, babu "sannu da zuwa", babu mai ce mini na bar takalmi a bakin ƙofa. Motsi ɗaya da ya rage a gidan shi ne gurnanin firiza, nakan buɗe ta in tsaya ina duban rubutun nan har sanyi ya dami fuskata.

Ranar da aka haihu, namiji, Mamana ta kira ni. Hausarta ta 'yan yanzu ce, rabi da Larabci. Bayan barka da addu'a sai muryarta ta yi ƙasa, ta ce, "Baba, sahi, da gaske Umma ta bar mini ƙauri?"

Na ce, "Yana nan, Mamana. Da kaina zan kawo miki."

Ina da ɗan karafan, wato ƙaramin ɗakin nan da ake ja da mota, wanda ni da Hajiya muke fita kashta da shi, mu je jeji mu sha iska mu dafa shayi. Akwatin ƙanƙara ne kawai a cikinsa, kuma tsakiyar zafi ake, na san ba zai kai ni ko Madina ba. Sai na nufi shagon wani ɗan'uwanmu Bahaushe mai sayar da kayan kashta a nan unguwa.

Ina shiga na ɗora hannu a kan wani ɗan firji mara nauyi. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba naka ba ne, Alhaji. Fanka ce kawai a ciki, ruwa yake ɗan sanyayawa, in rana ta take shi ma gumi yake yi. Abin da ya daskare sai mai kwamfresa." Ya jawo wani mai nauyi, ya nuna mini injinsa irin na firjin gida, ya ce wannan ko mota na gargada yana aiki. Ɗaki biyu ne da shi, ɗaya na sanyi ɗaya na daskarewa. Ya ce in ɗauki madaidaici don abu ya fi riƙe sanyi in firji a cike yake, in kunna shi a wutar gida tun daren tafiya, kuma in sa masa batir nasa daban kada ya shanye na mota. Duk na saurara, na kuma yi yadda ya ce. Ya ce kada in riƙa buɗewa ba dalili, wannan ma na riƙe da kyau.

Sai ya tsuguna ya nuna wasu ramuka a gefe, ya fara cewa, "To nan kuma, Alhaji..."

Na katse shi. "Halas, na gane. Ni da ƙanƙara tun kafin ka buɗe shago muke tare."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗayyib, to shi ke nan." Girmana ya gani ya yi shiru. Wallahi da ya yi mini rashin kunya a ranar da na gode masa.

Na ɗaure firjin a kusurwar karafan, na jera robobin biyar kamar duwatsu, lambar da ke jikinsa ta nuna sanyi ya kai. Da asuba zan tashi sai na taɓa bangon karafan, na tuna yadda yake zama kamar tanda da azahar. Hankalina ya ƙi kwanciya. Mu a Arfa, in kana so ƙanƙara ta wuni, bargo kake lulluɓa mata. Shekara da shekaru haka nake yi, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Na shiga gida na ɗauko barguna biyu masu kauri, na naɗe firjin ruf, gaba da baya da gefe, na cusa gefen bargon ta ƙasa don kada iska mai zafi ta sami hanya, na ɗaure da igiya. Na ja baya na dube shi, har ina yaba wa kaina.

Hanyar ta yi mini tsawo. Kujerar gefena babu kowa. Da can Hajiya ce mai zuba mini gahawa, ita ce mai cewa in rage gudu. Na kama kaina ina ba ta labari, ina cewa, "Kin ga, Hajiya, har sun gyara wannan gadar." Sai in juya in ga jakata. A wuraren hutawa iyalai sun shimfiɗa darduma a inuwa suna cin abinci, ni kuwa in ci nawa a tsaye in koma mota.

A Madina na yi kuskure na biyu. Garin da Hajiya ta fi so ke nan, sai na ce bari in ƙara kwana in yi mata addu'a. Ai firji na aiki, me zai dame ni? Sau biyu na leƙa karafan, na ji shiru, na ce kayan zamani ke nan, ba sa ƙara. Na kai hannu ga igiyar, na tuna an ce kada in riƙa buɗewa, na janye.

Rana ta uku wajen la'asar, saura kaɗan in shiga Tabuka, na sauka daga titi don in yi salla. Fili ne fetal, babu gida babu itace, sai duwatsu can nesa. Na buɗe ƙofar karafan in ɗauki buta, wani wari ya tare ni. Na san warin, amma na ce ba daga nan ba ne. Na kwance igiyar. Bargon ciki da zafi kamar an goge shi. Fitilar firjin tana ƙyaftawa ja, injin a mace. Ramukan nan da na hana a yi mini bayaninsu, ta nan yake fitar da zafinsa, ni kuma na toshe su da hannuna. Ya yi ta fama har ya gaji ya tsaya, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

Na ɗaga murfi. Robobin sun kumbura, ɗaya ta fashe. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina cewa ko ta ƙasa ta tsira. Ba wadda ta tsira.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar jana'iza ban yi kuka ba, mutane suna ta yaba haƙurina. A wannan fili na yi shi, da ƙarfi, don ba mai ji. Abinci ba a watsar da shi, balle wannan. Na ɗauko shebur na haƙa rami, na juye ƙaurin a ciki, na mayar da ƙasa. Ina baje ƙasar da tafin hannuna na ji kamar yau ne na binne Hajiya.

Waya ta yi ƙara, Mamana ce. "Baba, ka kusa?"

Na ce, "Mota ce ta ɗan ba ni matsala, sai gobe in sha Allahu."

Ƙarya ta farko ke nan, kuma ita ta haifi ta biyu. Na wanke robobi huɗu da suka rage tas, ina kaffa-kaffa da rubutun murfin. Da safe na shiga gari na nemi mahauci na sayi ƙafafun sa, na sayi albasa da citta da barkono, na koma bayan gari na kunna murhun gas na karafan. Ni da ban taɓa dafa abin da ya wuce shayi da ƙwai ba! Na yi ta ƙoƙarin tuno abin da na ga Hajiya tana zubawa. Daddawa babu, kimba babu, wa zai sayar maka da su a Tabuka? Na zuba abin da na samu, na zauna ina gadin tukunya har azahar ta gota. Da ya huce na zuba a robobinta, na rufe da murfinta, na sa a firjin, wanda yanzu da na cire masa bargo yake aiki lafiya lau kamar yana yi mini dariya.

Na tarar da Mamana a zaune da jariri a cinya, ta rame, idonta irin na uwarta. Aka miƙo mini yaron na yi masa addu'a. Ita kuwa idonta na kan robobin. Ta shafa rubutun da yatsa, ta ce a ɗumama mata ɗaya yanzu-yanzu. Aka kawo a kwano. Na zauna ina duban ƙasa kamar ɓarawon da aka ritsa.

Ta kai cokali ɗaya baki. Ta daɗe tana duban kwanon, sannan ta ɗago ta dube ni, ta dubi hannuna inda tukunya ta ƙona ni.

Ta ce, "Baba, kai ka dafa."

Ba tambaya ba ce. Bakina ya buɗe, na faɗa mata komai, bargon da igiyar da kwanan Madina da ramin da na haƙa. Na ce, "Amana ɗaya uwarki ta bar mini, na kasa kawo ta. Ki yafe mini, Mamana."

Ta yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuka mai tsawo, kuma na san ba ni take wa ba. Abin da ta rasa ba mai mayar mata da shi. Da ta share ido sai ta jawo kwanon ta ci gaba da ci. Gishiri ya yi yawa, naman bai gama nuna ba, ni na sani. Ta cinye tas, ta miƙo mini kwanon ta ce, "Ƙara mini. Kuma ka ɗauko cokali, Baba, na ga alama tun da Umma ta tafi ba ka ci abinci da kowa ba."

Abin da na koya bai da yawa, amma ya tsaya mini. In wanda ya san abu yana yi maka bayani, ka bari ya kai ƙarshe, ko da ka girme shi. Dabarar da ta yi maka aiki shekara talatin a kan ƙanƙara tana iya kashe maka firji a wuni ɗaya, don shi numfashi yake yi, tazara yake so a gefensa, kuma yana so a leƙa shi. Sannan in ka yi ɓarna, ka kai ta ga mai ita yadda take. Na so in rufe wa 'yata gaskiya don ina tausayinta, ashe ta fi ni ƙarfin ɗaukarta. Kwana arba'in na yi a Tabuka, kullum ni ke dafa mata ƙauri, kuma har na taho bai taɓa yin daɗi ba.